Kasuwar Masu Harshe Biyu: Daga Zauren Boston Zuwa Allon Kwamfuta

A ƙarshen kowace kaka, tun daga shekarar 1987, akan yi wani taro a birnin Boston na ƙasar Amurka wanda yawancin mazauna birnin ba su ma san da shi ba, alhali kuwa a can Tokyo manyan kamfanoni suna shirya masa tun da sauran watanni. Sunan taron Boston Career Forum, wanda ya ƙago shi kuwa wani kamfanin Japan ne mai suna DISCO, da a shekarar 2024 ya sauya suna ya koma Career-tasu, sana'arsa ita ce haɗa masu neman aiki da masu neman ma'aikata. Kwana uku ake yi, daga Juma'a zuwa Lahadi, galibi a watan Nuwamba. A shekarun da kasuwar ta fi ci, kamfanoni wajen 200 ne sukan kafa rumfunansu, ɗalibai kuma dubbai sukan taho daga jami'o'in Amurka da Kanada da Turai, kowanne da baƙar kwat da jakar takardu. Abin da ya tara su duka, wanda kuma shi ne sharaɗin shiga, shi ne mutum ya iya Japananci da Ingilishi gwargwadon yadda zai yi aikin ofis da su.

Kafin a gane dalilin da ya sa kamfani zai ɗauki manyansa ya ƙetare babban teku da su don neman yaran da ba su ko gama makaranta ba, lalle ne a duba al'amura biyu. Na farko shi ne abin da ya faru da kuɗin Japan. A watan Satumba na 1985 ƙasashe biyar masu ƙarfin arziki suka taru a otal ɗin Plaza da ke New York suka yi ittifaƙi a kan a sauke darajar dala. Kafin shekara biyu ta cika, dalar da ake saye a kusan yen 240 ta faɗo ƙasa da 150. Da kayan da ake ƙerawa a Japan suka yi tsada ga masu saye a waje, kadarorin waje kuma suka yi araha ga mai yen a hannu, sai kamfanonin ƙasar suka bazama suna gina masana'antu da sayen dukiya a Amurka, har a 1989 Sony ya sayi kamfanin fina-finai na Columbia. To, wanda ya sayi kamfani a ƙasar da ba ya jin harshenta, bai daɗe ba zai gane cewa kuɗi ba sa zama a teburin shawara su yi magana a madadinsa.

Na biyu, wanda ya fi na farko zurfi, shi ne al'adar ɗaukar ma'aikata a Japan. A can ba a ɗaukar sabon ma'aikaci a duk lokacin da gurbi ya samu. Manyan kamfanoni sukan ɗauki waɗanda suka gama jami'a ne gaba ɗaya, sau ɗaya a shekara, su fara aiki tare ranar 1 ga Afrilu, bayan sun shafe watanni suna zagayen kamfanoni tun suna aji, a bisa jadawalin da ƙungiyar manyan 'yan kasuwa ta Keidanren ta daɗe tana tsarawa, har zuwa 2018 da ta ce ta sauke wannan nauyi, gwamnati ta karɓa. Ɗan Japan da ya tafi karatu Amurka, wanda zai gama a watan Mayu ko Yuni, kuma yana can nesa lokacin da tsaransa ke zagaye, sai ya dawo ya tarar an rufe ƙofa. Taron Boston ya zo ne don ya toshe wannan kafa: abin da ake yi cikin watanni a Tokyo, sai aka dunƙule shi cikin kwana uku.

Wanda bai ga yadda ake wannan dunƙulewa ba zai yi tsammanin baje koli ne irin wanda ake zagayawa a karɓi ƙasidu a tafi. Ba haka ba ne. Ɗalibi mai wayo tun da makonni ya aika da takardunsa, ya zauna jarrabawar share fage, ya sami alƙawarin ganawa da kamfani kaza da ƙarfe kaza. Ranar Juma'a da safe, da an buɗe ƙofa, wanda ba shi da alƙawari sai ya yi sauri zuwa rumfar da yake so ya miƙa takardarsa hannu da hannu, ko Allah zai sa a kira shi. A bayan rumfunan akwai 'yan ɗakuna da aka kekkeɓe da labule, inda ake ganawa ta farko da ta biyu da ta uku a jere, wani lokaci mai tambaya ya fara da Japananci, ba zato ya juya zuwa Ingilishi, don ya ga ko harshen yaron zai yi tuntuɓe a wurin juyawa. Da yamma kuma, wanda ya burge su sai a gayyace shi cin abinci a wani gidan abinci a cikin gari, kuma kowa ya san cewa wannan liyafa ita ma jarrabawa ce, domin a nan ake ganin ladabin mutum da yadda yake sauraro da yadda yake zama cikin manya. Kafin la'asar ɗin Lahadi wasu sun riga sun karɓi alƙawarin aiki.

Haka aka yi ta tafiya shekara talatin da 'yan kai, sai annobar korona ta sauka a 2020, aka rufe iyakoki, aka hana taruwa, masu taron suka mayar da shi kacokan kan intanet. A zahiri an yi ƙoƙarin kwaikwayon abin da aka saba: kowane kamfani yana da shafinsa a madadin rumfa, akwai lacca ta bidiyo da wakilan kamfani ke yi kai tsaye, akwai wurin aika takarda da wurin zaɓen lokacin ganawa. Amma a baɗini komai ya sauya. Kwana ukun nan suka miƙe suka zama makonni, tun da babu zauren da aka kama haya balle a yi gaggawar tashi. Tazarar lokaci kuma, wadda a da jirgin sama ke shafewa, ta dawo ta zauna a tsakani: a watan Nuwamba Tokyo tana gaba da Boston da awa 14, watau idan ma'aikacin kamfani ya zauna a ofishinsa da ƙarfe tara na safiyar Talata, ɗalibin da zai gana da shi yana cikin ɗakin kwanansa ne da ƙarfe bakwai na daren Litinin, ya sa kwat da taye, ya jera littattafai a ƙarƙashin kwamfutarsa don kyamara ta zo daidai da idonsa, ya roƙi abokin zamansa ya rage sautin kiɗa na rabin awa.

Ribar da aka samu ba ƙarama ba ce, kuma rashin adalci ne a yi shiru a kanta. A da, ɗalibin da ke karatu a wani ƙaramin gari a tsakiyar Amurka, ko a Jamus, ko a Ostiraliya, sai ya haɗa kuɗin jirgi da na masauki na kwana uku ko huɗu a birni mai tsada irin Boston, ya kuma bar darussansa a tsakiyar zangon karatu, ba tare da tabbacin zai dawo da komai ba. Wannan kuɗi shi kansa rariya ne, kuma abin da yake tacewa ba ƙwazo ba ne, aljihun iyaye ne. Da taro ya koma intanet sai rariyar nan ta fashe. Haka kuma ƙaramin kamfani da ba zai iya biyan kuɗin rumfa da jigilar ma'aikata goma ba, ya sami damar tsayawa kusa da manya, domin a kan allo shafin kowa girmansa ɗaya.

A nan ne fa maganar ta kai ga abin da masana harkar ma'aikata suke kira gina sunan kamfani a idon masu neman aiki. Waɗanda suka fara ba abin suna a rubuce Turawan Ingila ne guda biyu, Tim Ambler da Simon Barrow, a wata maƙala ta 1996, inda suka kawo hujja cewa kamar yadda kamfani yake da suna a wurin masu sayen kayansa, haka yake da wani suna dabam a wurin masu sayar masa da ƙarfinsu da iliminsu, kuma wannan na biyun ma yana bukatar kiwo. A zauren Boston, rabin wannan aiki abubuwan gani da ido ne suke yin sa: faɗin rumfa, tsawon layin da ke gabanta, kyan tufafin wakilai, tsadar gidan abincin da aka kai mutum. Duk waɗannan ba su da hanyar shiga cikin allo. Abin da ya rage wa kamfani shi ne kalamansa, da fuskar mutumin da ya tura, da kuma abin da wasu ke faɗa a kansa. Ɗalibin da a zaure kunya za ta hana shi tashi daga kujera ana tsakiyar lacca, yanzu yatsa ɗaya ya ishe shi ya rufe shafi ya tafi wani, babu wanda ya gan shi balle ya ji nauyi.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da mai harshe biyu, wanda a ganina shi ne zuciyar al'amarin, ko da yake ba a cika ambatonsa ba. Kamfani yakan yi magana da murya biyu: a shafinsa na Ingilishi yana bayyana kansa a matsayin gidan da ke buɗe ga duniya, inda ake ɗaukaka mutum bisa ƙwazonsa ba bisa shekarunsa ba, inda mace da baƙo suke da hanya zuwa sama, a shafinsa na Japananci kuwa, da cikin takardun da doka ta wajabta masa bugawa, da cikin hirar ma'aikatansa, wata sura ce dabam take fitowa. Baturen da bai iya Japananci ba muryar farko kaɗai yake ji, ɗan gidan da bai iya Ingilishi ba kuma ta biyu kaɗai ya sani kuma ya riga ya saba da ita. Mutum ɗaya tak da yake iya ɗora shafukan nan biyu gefe da gefe ya auna saɓanin da ke tsakaninsu, shi ne daidai mutumin da kamfanin yake zawarci. Kuma a taron intanet ba sai ya jira ya koma masauki ba. Yana sauraron laccar wakilin kamfani a taga ɗaya, yana karanta shaidar tsoffin ma'aikata a ɗaya tagar.

Wuraren da ake ba da wannan shaida sun yawaita. A Amurka akwai Glassdoor, wanda ya fara aiki a 2008, inda ma'aikaci ke rubuta albashinsa da halin shugabanninsa ba tare da ya bayyana sunansa ba, kuma abin lura, kamfanin Recruit na Japan ne ya saye shi a 2018 a kan dala biliyan 1.2. A Japan akwai takwaransa OpenWork. Ba duk abin da aka rubuta a irin waɗannan wurare ne gaskiya ba, domin wanda aka kora yakan rubuta da fushi, wanda aka sa kuma yakan rubuta da son kai; sai dai idan shaidu suka yawaita, daga mutanen da ba su san juna ba, a kan magana ɗaya, to sun kai matsayin da hankali ba ya yarda a ce baki suka haɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da shaidun nan suka fi taɓawa kuwa sanannu ne. Akwai tsawon lokacin aiki, wanda ya zama abin magana a duk ƙasar bayan wata matashiyar ma'aikaciya 'yar shekara 24 a babban kamfanin talla na Dentsu ta kashe kanta a watan Disamba na 2015, hukumar ƙwadago ta tabbatar cewa yawan aiki ne sanadi, shugaban kamfanin ya sauka, majalisa kuma a 2018 ta kafa dokar da ta ƙayyade ƙarin lokacin aiki da awa 45 a wata da 360 a shekara a matsayin ƙa'ida ta asali. Akwai tsarin albashi da ke hawa da shekaru, ta yadda saurayin da ya iya harshe uku da wanda ya iya ɗaya sukan fara da kuɗi kusan ɗaya. Akwai kuma wanda ya fi ci wa masu harshe biyu rai: a tsohon tsari ana ɗaukar mutum ne ya zama ɗan kamfani, ba don wani aiki ayyananne ba, sai bayan ya shiga sannan a gaya masa sashen da aka jefa shi da garin da zai zauna. Sau da yawa wanda aka ɗauka saboda Ingilishinsa sai ya tsinci kansa a wani reshe na cikin gida inda zai yi shekaru ba wanda ya ce da shi ko kalma ɗaya da Ingilishi, ko kuma, wanda ya fi wannan ɗaci, ya zama tafintan sashe, ana kiransa duk lokacin da wasiƙa ta zo daga waje, ana tsallake shi duk lokacin da ake rabon muƙami.

Malaman fiƙihu sun daɗe da shimfiɗa ƙa'ida a babin ijara, cewa ba ta inganta sai an san aikin da za a yi, an san ladan, an san muddar. Sun kuma haramta tadlisi a ciniki, watau mai kaya ya ɓoye aibin da ya sani, suka ba mai saye zaɓin mayarwa idan aibin ya bayyana. Matasan Japan ba da wannan ma'auni suke aiki ba, amma hukuncin da suke zartarwa bai yi nisa da shi ba: ƙididdigar ma'aikatar ƙwadago ta ƙasar ta daɗe tana nuna cewa wajen kashi 30 cikin ɗari na waɗanda suka gama jami'a sukan bar aikinsu na farko kafin su cika shekara uku. Mai harshe biyu kuwa ya fi kowa sauƙin mayar da kaya, domin kasuwa biyu gare shi. A taron Boston ɗin kansa, kusa da rumfunan kamfanonin Japan akwai na bankunan zuba jari da kamfanonin ba da shawara na Amurka da Turai, waɗanda suke faɗin aiki da albashi tun kafin a sa hannu.

Ga shi kuma masu harshe biyun suna ƙara ƙaranci. Yawan ɗaliban Japan a jami'o'in Amurka ya kai ƙololuwa da kimanin 47,000 a ƙarshen shekarun 1990, sa'an nan ya yi ta sauka har ya koma ƙasa da 20,000. Yawan mutanen ƙasar da ke cikin shekarun aiki kuma tun tsakiyar shekarun 1990 yake raguwa. Saboda haka dole ta sa wasu kamfanoni suka fara gyara abin da ke cikin gida maimakon fentin bango. Hiroshi Mikitani, mai kamfanin Rakuten, ya shelanta a 2010 cewa Ingilishi zai zama harshen aiki a kamfaninsa, aka yi masa dariya, aka kuma zage shi, amma daga 2012 abin ya tabbata, kuma shi ya buɗe masa hanyar ɗaukar injiniyoyi daga Indiya da China da sauran ƙasashe. Fast Retailing, mai shagunan tufafi na Uniqlo, a 2023 ya ɗaga albashin sabon ma'aikaci daga yen 255,000 zuwa 300,000 a wata. Hitachi da Fujitsu sun kama hanyar rubuta wa kowane muƙami ayyukansa da sharuɗɗansa. Irin waɗannan matakai, da yake lambobi ne da ranaku da kowa zai iya bincikawa, sun fi kowane bidiyon talla nauyi a wurin yaron da ke zaune gaban allo.

Intanet ta zo da nata haɗarin kuma, wanda ya shafi amana. Duk shafin da ɗalibi ya buɗe, da tsawon lokacin da ya yi a kai, da kamfanin da ya leƙa bayan wannan, na'ura tana rubutawa. A 2019 aka gano cewa Rikunabi, ɗaya daga manyan shafukan neman aiki na ɗalibai a Japan, yana amfani da irin waɗannan bayanai yana ƙiyasta wane ɗalibi ne mai yiwuwa ya ƙi alƙawarin aikin da aka yi masa, yana sayar wa kamfanoni wannan ƙiyasi ba tare da cikakken izinin masu bayanan ba. Hukumar kare bayanan jama'a ta tsawata, aka rufe wannan ciniki, kamfanonin da suka saya kuma sunayensu suka fito a jaridu. Wanda ya sayi sirrin yaro tun kafin ya ɗauke shi aiki, da wane baki zai yi masa wa'azin amana a ranar 1 ga Afrilu?

Su ma kamfanoni suna da nasu ƙorafin, kuma yana da tushe. Auna harshe ta allo ya fi wuya. Takardar shaidar Ingilishi irin ta TOEIC, wadda makinta na sama 990 ne, ko mataki na N1 a jarrabawar Japananci ga baƙi, tana nuna nahawu da yawan kalmomi, amma ba ta nuna ko mutum ya san inda ake yin shiru, ko ya iya ƙin abu ba tare da ya ce a'a ba, wanda a ofishin Japan rabin balaga ke nan. Yaron da ya girma a Amurka yana iya jin Japanancin gida sarai, amma harshen girmamawa da ake yi wa abokin ciniki ya gagare shi. Wanda ya girma a Osaka kuma yana iya rubuta Ingilishi mai tsabta, amma idan Amurkawa huɗu suka kaure da gardama a taro ya rasa ta inda zai shiga. A teburin abinci ana gane wannan cikin awa guda. A allo kuwa, inda jinkirin sadarwa ke sa kowa jiran kowa, inda kuma mai wayo zai iya manna amsoshinsa a gefen kyamara, wani lokaci sai an ɗauki mutum sannan a san abin da aka ɗauka.

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce ga mai karatu. Tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa a 2007, ake neman Bahaushen da ya iya wani harshe a kan nasa, yau kuma ƙungiyoyin agaji da kamfanonin sadarwa da na fasaha sun shiga layi, kuma yawancin ganawar ta allo ake yi. Tambayoyin da ya kamata ɗan Kano ko ɗan Maraɗi ya yi su ne waɗanda ɗan Japan ya koya da wahala: wane aiki ne takamaimai, nawa ne ladan, wa ya riƙe kujerar kafin ni kuma ina yake yanzu, sa'an nan shin harshena ake saye ko ni.

A 2022 aka koma zauren Boston, aka sake kafa rumfuna, aka sake cin abincin dare. Amma tsarin bai koma yadda yake a da ba, domin kamfanoni da yawa sun riƙe abin da suka koya: laccar gabatarwa da jarrabawa da ganawar farko da ta biyu duk ta intanet ake gama su tun makonni kafin taro, kwana ukun nan kuma suka zama na ganawar ƙarshe da ƙulla magana. Ma'anar wannan ga kamfani ita ce, ɗalibin da ya iso rumfarsa ranar Juma'a ya riga ya karanta shi da harsuna biyu, ya riga ya ji daga bakin waɗanda suka bar shi, wanda bai gamsu ba kuma ba ya ma sayen tikitin jirgi.